Tambaya: Za a iya jera MOSFET biyu na bolt 500 su kunna su kashe bolt 700 na pano?

Mai gyara, Sabon Gari

Assalamu alaikum, malamaina da abokan sana'a. Ina da wani aiki a hannu wanda nake son jin ra'ayinku a kansa kafin in kai dalma ko'ina.

Wani manomi a wajen Jiratawa yana da foraj wanda pano 14 ke turawa, kowane ɗaya wat 550, an jera su duka a layi guda suna shiga bariyatar, na'urar da ke mai da wutar pano ta zama ta faz uku, ita kuma tana juya famfo mai faz uku na bolt 380. A bayan kowane pano an rubuta bolt 49.5 idan babu kaya a kai, da bolt 41.5 da amper 13 a lokacin cikakken aiki, saboda haka layin yana kai wa bolt 693 idan an buɗe shi, ya sauko wajen 580 idan famfo yana ja. Yawancin ranaku kafin azahar an gama ban-ruwa, sai wutar ta zauna a banza har faɗuwar rana, shi kuwa yana son ya yi amfani da ita wajen busar da ganyen zogale a cikin wani akwatin ƙarfe da aka ƙera masa.

Shawarar da na yanke ita ce in jera sandunan zafi guda uku, kowace bolt 230 wat 2,000, wanda jimillarsu ta kama kusan om 80, in ɗora su kai tsaye a kan layin pano, za su ja amper 7 da ɗoriya. Na san tarmosta na kasuwa ba zai iya yanke wannan wutar da bakinsa ba, don haka nake son tarmostan ya ba da umarni kawai, tiranzisto ya yi yankan. Kunnawa da kashewar ba za su wuce sau ɗaya a cikin sakan goma ko ashirin ba.

Abin da nake da shi da yawa a shago shi ne IRFP460, tiranzisto na jinsin MOSFET, da na ciro daga matattun ondilar (na'urar da ke mai da wutar DC zuwa AC), waɗanda iyakarsu bolt 500 ne da amper 20. Tambayata ita ce, idan na jera biyu, ƙafar S ta na sama a kan ƙafar D ta na ƙasa (ta D da S wutar ke bi, ƙafar G kuma ita ke karɓar umarni), shin za su raba bolt 700 ɗin tsakaninsu kowa ya ɗauki 350, kamar yadda kondansatar biyu na bolt 400 suke yi a cikin bariyatar? Kuma zan iya haɗa ƙafafunsu na G wuri guda in tura su da opto ɗaya, ɗan abin nan da ke isar da umarni ta haske ba tare da haɗa wutar ɓangarorin biyu ba? Allah ya saka da alheri.

Malamin lantarki

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta biyu ita ce mai sauƙin amsa, kuma amsar a'a ce. MOSFET ba ya duban tansiyon ɗin ƙafar G daga ƙasa, yana duban tazarar da ke tsakanin G da S ɗinsa ne, kuma wannan tazarar a IRFP460 ba ta jure fiye da bolt 20. Ƙafar S ta na sama kuwa ba a tsaye take ba: idan an kunna tana kusa da sifili, idan an kashe tana wajen bolt 350. Ranar da ka ɗaure G biyun wuri guda, da zarar an kashe, siririn rufin da ke ƙarƙashin G na saman zai tsinci kansa da ɗaruruwan bolt, ya huje nan take. Kowane tiranzisto a jeren yana buƙatar mai tura shi na kansa, da ƴar wutar bolt 15 ta kansa wadda aka keɓe daga sauran.

Game da rabon, ka sake buɗe bariyatar ɗin ka duba gefen kondansatar biyun da ka ambata, za ka ga kowace an rataya mata rezistans babba. Ba don ado aka sa su ba, su ne suke tilasta rabon, domin abubuwa biyu da aka jera ba sa raba tansiyon daidai don kawai lambarsu ɗaya ce. Rabon tiranzisto kuma iri biyu ne, na lokacin da suke zaune a kashe, da na ɗan ƙanƙanin lokacin da suke tsakanin kunnawa da kashewa.

Na zaune shi ne mai sauƙi. Tiranziston da ke kashe yana yoyo kaɗan, takardar bayanan IRFP460 ta ba da iyakar mikro-amper 25 a digiri 25, da mikro-amper 250 idan cikinsa ya kai digiri 125. Biyu da ka ɗauko daga akwati ɗaya ba za su yi yoyo iri ɗaya ba, balle waɗanda aka ciro daga ondilar daban-daban, kuma wanda yoyonsa ya fi ƙaranci shi zai ɗauki kaso mafi girma. Maganin shi ne a rataya wa kowanne rezistans tsakanin D da S wadda za ta ja kamar ninki goma na yoyon, ta yadda bambancin zai nutse a cikinta. Ka jera kilo-om 47 guda uku masu wat 1 ga kowane tiranzisto, jimilla kilo-om 141, za su ja mili-amper 2.5, kuma ko da ɗaya ya yi yoyon mikro-amper 250 ɗayan bai yi komai ba, tazarar da ke tsakaninsu ba za ta wuce bolt 35 ba. Dalilin jera uku maimakon sa ɗaya shi ne ƙananan rezistans na rubu'in wat ba a yi su don fiye da bolt 250 ba, komai ƙarancin zafin da suke fitarwa.

Kuma kada ka yi lissafi da 693. Wannan adadi na digiri 25 ne, pano kuwa tansiyon ɗinsa yana hawa da kusan kashi 0.3 cikin ɗari ga kowane digiri na sanyi, don haka a safiyar hunturu, lokacin da gari ke sauka ƙasa da digiri 15 a bakin Gulbi, ka sa ran bolt 715 zuwa 720.

Rabo na biyu shi ne inda aikin yake. Babu tiranzisto biyu da ke kashewa a daidai lokaci guda. Tansiyon ɗin da IRFP460 ke fara buɗewa da shi yana iya zama ko'ina tsakanin bolt 2 da 4, sannan opto irin TLP250 yana da jinkirin da zai iya kai wa nanosakan 500, kuma guda biyu suna iya saɓawa da ɗari ko fiye. Wanda ya riga ɗan'uwansa kashewa, amper 7 ɗin nan za ta zuba a cikin ƴar ma'ajiyar cajin da ke tsakanin D da S ɗinsa, wadda a babban tansiyon ba ta kai rabin nanofarad ba. Lissafin shi ne amper sau lokaci a raba da farad, kuma idan ka buga za ka ga cikin nanosakan ɗari ko ƙasa da haka ya riga ya ɗauki layin gaba ɗaya shi kaɗai, ɗayan bai ma fara ba. Kamar ƴan dako biyu ne da aka jefo wa buhun gyaɗa daga kan babbar mota, wanda ya riga miƙa hannu shi nauyin zai sauka a kai. A wajen kunnawa kuma abin yana juyawa, wanda ya makara shi ake bar wa duka. Rezistans na kilo-om 141 ba su da ta cewa a wannan saurin.

Abin da ake yi shi ne a rage saurin hawan tansiyon ɗin. A kan kowane tiranzisto ka sa diyod mai sauri da kondansatar a jere, daga D zuwa S, sannan ka rataya wa diyod ɗin rezistans ta om 100 wadda kondansatar za ta riƙa juyewa ta cikinta idan an kunna. Da nanofarad 47 mai bolt 1,000, irin na polipropilen, saɓanin nanosakan 300 zai haifar da bambancin bolt 45 kacal. Kowace kunnawa tana ƙone kusan mili-jul 3 a kowace kondansatar, wanda a aikinka na sau ɗaya a sakan goma ba komai ba ne, amma da a ce ondilar kake haɗawa mai bugawa sau 20,000 a sakan, wannan zai zama wat 58 a kan kowane tiranzisto, kuma da sai in ba ka wata shawarar daban. A ƙarshe ka ƙara diyod mai tare tsallen tansiyon, irin 1.5KE400A, tsakanin D da S na kowanne.

Wani abu da mutane ke mantawa: bayan IRFP460 ƙarfe ne da ke haɗe da D. D na saman yana bolt 720, na ƙasan yana 360, saboda haka ba za su kwanta a kan radiyatar ɗaya ba sai da mika mai kyau, falle mai hana wuta wucewa, a ƙarƙashin kowanne, kuma ni na fi son kowa ya sami radiyatar tasa.

Mai walda na Ɗan Gulbi

Malam ya yi bayani wanda babu abin cirewa a ciki, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai da na ƙirga kayan da ya lissafo, opto biyu, wuta keɓaɓɓiya biyu, rezistans takwas, kondansatar biyu, diyod huɗu, radiyatar biyu, sai na ga an gina gida guda don a kauce wa sayen tiranzisto ɗaya.

Abokina, bolt 720 ba tansiyon ba ne da ya gagari tiranzisto guda. IGBT, wani jinsin tiranzisto na babban tansiyon, mai bolt 1,200 abu ne na yau da kullum, shi ne a cikin kowace bariyatar ta bolt 380, shi ne a cikin injin walda na faz uku, shi ne kuma a cikin murhun lantarki mai dafa abinci da maganaɗisu, inda za ka tarar da FGA25N120 ko H20R1203. Bolt 720 a kan mai 1,200 kashi sittin cikin ɗari ne, wanda shi ne daidai inda masu ƙera bariyatar suke ajiye shi. Idan babu a Babbar Kasuwa, masu zuwa Kano suna kawowa daga kasuwar Sabon Gari ta can.

Sannan ka duba zafi, wanda a garin nan shi ne yake kashe kaya kafin tansiyon. IRFP460 yana da om 0.27 idan yana da sanyi, kuma wannan yana ninkawa idan cikinsa ya haura digiri ɗari. Amper 7.3 sau kanta 53 ne, sau rabin om ya ba ka kusan wat 27 a kowanne, biyu sun haura wat 50, a cikin akwatin da ke gona, a watan Afrilu, kusa da abin da aikinsa shi ne yin zafi. IGBT ɗin kuwa a wannan amper ɗin ba ya riƙe fiye da bolt 2, wato ƙasa da wat 15. Jere yana ninka tansiyon ɗin da ake jurewa, amma yana ninka asarar ma, wannan ba shi da magani.

Ga ma wata hanya da ta fi kusa da kai. Idan kana da matacciyar bariyatar a shago, ka buɗe ta. Yawancin ƙananan suna da tubali ɗaya mai IGBT bakwai, shida na faz uku, na bakwai na birki, wanda aikinsa tun daga masana'anta shi ne ya ɗora rezistans a kan layin DC idan tansiyon ya hau wajen bolt 700, ya sauke ta idan ya sauko. Aikinka ke nan ba ragi ba ƙari, har da diyod ɗinsa a ciki. Sau da yawa idan bariyatar ta mutu faz ɗaya ne ya ƙone, na birkin yana nan lafiya domin a aikin famfo ba a taɓa kiransa ba. Ka gwada shi da mita, ka tura shi da opto irin HCPL-3120, ka huta.

Abu ɗaya da IGBT ba ya yafewa shi ne tsallen tansiyon. Igiyar da ta taso daga pano, idan ta kai mita talatin, tana iya harba sama da bolt dubu a lokacin yankewa mai sauri, don haka ka sa kondansatar ta mikrofarad 1 mai bolt 1,200 tsakanin jan waya da baƙa a daf da tiranziston, ka sa diyod mai sauri irin RHRG30120 a juye a kan sandunan zafin, ka kuma sa rezistans ta om 47 zuwa 100 a ƙafar G domin ya kashe a hankali. Ba ka da gaggawar komai.

Mai gyara, Sabon Gari

Na gode Malam, na gode maigida. Maganar IGBT na birki ta shige ni, kuma akwai bariyatar matattu a shagon wani abokina da zan je in duba. Amma ina son in fahimci abin har ƙarshe, domin ba wannan ne kaɗai aikin da zai zo ba, an fara kawo pano na layin bolt 1,000. Abubuwa biyu nake son a warware mini. Na farko, na karanta a takardar IRFP460 cewa yana jure ambaliya, wato wutar da ke ratsa shi da kanta idan tansiyon ya wuce iyakarsa, har mili-jul 960, to idan haka ne, me zai hana in bar wanda ya riga kashewa ya yi ambaliyarsa na ɗan lokaci har ɗan'uwansa ya iso? Na biyu, na ga wasu suna naɗa ƙaramin taransfo mai hannu biyu su tura G biyun da shi ba tare da opto ba. Shin wannan bai fi sauƙi ba?

Injiniyan sola, Ali Ɗan Sofo

Tambayarka ta farko tana da ƙarfi, kuma a nan zan ɗan saɓa wa Malam, tare da girmamawa. A aikin nan naka, inda kayan da ake turawa rezistans ce zalla ta om 80, saɓanin nanosakan ɗari biyu ko uku ba zai kashe IRFP460 na gaskiya ba. Idan ɗaya ya riga kashewa, tansiyon ɗinsa zai tsaya a wajen bolt 550 inda ambaliyar ke farawa, ragowar 170 ya faɗa kan sandunan, wato amper 2 ne za su ratsa shi, kuma a cikin wannan ɗan lokacin abin da zai sha bai kai mili-jul ɗaya ba. Shi ya sa za ka ga wani ya haɗa irin wannan babu kondansatar ko ɗaya, ya yi watanni yana aiki, har ya fara koya wa yara cewa haka ake yi.

Haɗarin yana wani wajen. Ka ɗauka wutar bolt 15 ta ɗaya daga cikin opto biyun ta ɗauke, ko dalma ta saki, ɗaya ya kunna ɗayan ya ƙi. Yanzu wanda ya ƙi yana riƙe da bolt 550 da amper 2 ba na nanosakan ba, na dindindin, wato fiye da wat 1,000 a kan ɗan ƙwayar da bai kai farce ba. Kafin ƙiftawar ido ya narke, kuma tiranzisto idan ya mutu yawanci a haɗe yake mutuwa. Da tarmosta ya ce a kashe, sai na biyun ya tarar da layin gaba ɗaya a kansa shi kaɗai, ya bi ɗan'uwansa. TLP250 ba shi da abin da ke rufe shi idan wutarsa ta yi ƙasa, yana iya barin G a bolt 6 ko 7, rabi a buɗe, wanda shi ne mafi munin wuri. HCPL-3120 yana da wannan kariyar. Kuma adadin mili-jul 960 ɗin na sabon kaya ne na asali, ba na wanda aka ciro daga ondilar da ta riga ta sha wuya ba, balle na jabun da ke yawo, wanda idan ka fasa shi za ka ga ƙwayar cikinsa rabin ta asali ce.

Taransfo mai hannu biyu hanya ce mai kyau ƙwarai wajen daidaita lokaci, tunda bugu ɗaya ne ke isa ga G biyun tare, kuma babu buƙatar wuta keɓaɓɓiya. Sai dai taransfo ba ya wuce da DC, yana iya riƙe umarni na ƴan mikrosakan ne kawai kafin zuciyarsa ta ƙoshi, kai kuwa kana son a zauna a kunne na sakan goma. Ya dace da injin walda, bai dace da akwatinka ba.

Idan har sai ka yi da IRFP460 ɗin, hanyar da zan bi ita ce wadda ake kira kaskod, inda na ƙasa kaɗai ake ba umarni, na sama ya bi shi da kansa. G na saman ka ɗaure shi da ƙasa ta diyod 1.5KE350A, ka rataya wa diyod ɗin kondansatar ta nanofarad 1, ka kawo masa ƴar wuta daga jan wayar pano ta rezistans jimillar kilo-om 300 da aka jera guda uku ko huɗu, sannan ka sa zena, diyod mai tsayar da tansiyon, ta bolt 15 tsakanin G da S ɗinsa. Idan na ƙasa ya kunna, yana jawo S na saman zuwa sifili, kondansatar ta juye cajinta cikin G, zena ta tsayar da shi a 15, na saman ya buɗe, rezistans ɗin kuma ta riƙe shi a haka komai daɗewa. Idan na ƙasa ya kashe, D ɗinsa yana hawa har ya cim ma bolt 350 inda aka tsayar da G na saman, a nan tazarar G da S ta ƙare, na saman ya rufe ya ɗauki ragowar 370. Babu zancen wa ya riga wa, domin tsarin da kansa ya tsara layin, kuma opto ɗaya ne. Ana amfani da wannan dabarar a ƙananan wutocin da ke aiki daga faz uku kai tsaye. Zafin wat 50 ɗin da mai walda ya lissafa yana nan dai bai je ko'ina ba.

Game da layin bolt 1,000, shi ma ba sai an jera ba, akwai IGBT masu bolt 1,700, akwai kuma MOSFET na silikon-kabaid, wanda kamfanin Cree ya fara sayarwa a 2011, masu bolt 1,200 da 1,700. Jere na gaskiya yana farawa ne inda kasuwa ta ƙare, domin IGBT mafi girma da ake sayarwa bolt 6,500 ne. Layin DC na Inga zuwa Kolwezi a Kwango, mai bolt 500,000 da tsawon kilomita 1,700, wanda ya fara aiki a 1982, da na Cahora Bassa daga Mozambik zuwa Afirka ta Kudu, duk da ɗaruruwan tiristo, ɗan'uwan tiranzisto na babbar wuta, a jere aka gina su, kowanne da kondansatar da rezistans ɗinsa, irin dai abin da Malam ya zana maka. A 1997 kamfanin ABB ya yi irin wannan da IGBT a Hellsjön ta ƙasar Suwidin. Masu gina waɗannan layukan suna sa ƙari a kan adadin da ake buƙata, suna kuma zaɓar kayan da in sun mutu za su mutu a haɗe lafiya lau, ta yadda sauran za su ci gaba da riƙe layin har ranar gyara. Mai jere biyu ba shi da wannan rarar.

Ko a can ma an nemi hanyar kauce wa rabon lokaci. A 1981 Nabae da Takahashi da Akagi, injiniyoyi daga Japan, suka wallafa tsarin ondilar mai hawa uku, inda ake raba layin DC gida biyu da kondansatar, a ɗaure mahaɗar tiranziston da tsakiyar nan ta diyod, a kuma kashe na waje kafin na ciki da gangan, ta yadda babu wanda zai ga fiye da rabin layin. Manyan ondilar na tashoshin sola masu bolt 1,500 da yawa a kan tsarin hawa uku suke.

Malamin lantarki

Na yarda da gyaran Injiniya a kan lissafin ambaliya, ko da yake zan bar kondansatar a wurinsu tunda kayan tsofaffi ne. Abin da ya dawo da ni shi ne maganarsa ta mutuwa a haɗe, wadda ta shafi IGBT ɗaya kamar yadda ta shafi jere.

Ranar da tiranziston ya mutu, sandunan za su zauna a kunne da wat 4,000 a cikin akwatin da ke cike da busasshen ganye, kuma fizibil, wato fiyus, ba zai cece ka ba. Pano ba ya iya ba da fiye da kusan amper 14 ko an haɗe bakinsa, sandunan kuma amper 7 ɗinsu za su ci gaba da ja kamar kullum, don haka babu abin da fizibil zai gani. Dole ne a sami tarmosta na biyu, wanda aka saita sama da na farko, yana sakin kontaktar, makunnin da ake sarrafawa da wuta, wadda aka rubuta wa bolt 1,000 DC a jikinta. Kada a sa ta AC. Wutar AC mai juyawa sau 50 a sakan tana ratsa sifili sau ɗari a sakan, harshen wutar da ya tashi tsakanin bakunan yana mutuwa da kansa, na DC kuwa ba shi da inda zai mutu. Disjontar na DC na pano da kansu bakuna biyu ko huɗu ne aka jera a ciki saboda wannan dalilin.

Sannan tunda tiranziston yana ɓangaren baƙar waya ne, sandunan suna ɗauke da bolt 700 ko da an kashe, kuma rufin cikinsu don bolt 230 aka yi shi. Ka ɗora su a kan tangaran, kada jikinsu ya taɓa ƙarfen akwatin, ka binne sandar ƙasa ka ɗaure akwatin da ita, ka sa raga tsakaninsu da hannun masu juya ganyen, waɗanda galibi mata ne da yara. Ka sa maɓallin sauyawa mai yanke waya biyun tsakanin bariyatar da akwatin, domin famfo da sandunan ba za su yi aiki tare a kan pano 14 ba.

Wajen gwaji kuma, ka fara da pano huɗu da sanda ɗaya, ka auna da mitar da aka rubuta wa bolt 1,000, ka jira kondansatar ta juye kafin ka kai hannu. Idan kaskod ɗin ka haɗa, ka sauya 1.5KE350A da mai bolt 100 a wannan gwajin, in ba haka ba na ƙasa zai riƙe bolt 200 ɗin duka shi kaɗai, ba za ka ga rabon ba. Ka kawo mana abin da mitar ta nuna a kan kowane tiranzisto da safe, da kuma bayan radiyatar ta yi zafi da rana.